Tattara Uku a Kafaɗar Hagu

Shekara ashirin da ɗaya ke nan ina taka keken ɗinki a Lafia, kuma duk wanda ya san layinmu na bayan kasuwa ya san ni da abu biyu: hannuna yana da kyau, bakina ba shi da birki. Hannun ne ya ciyar da ni tun da aurena ya mutu. Bakin kuwa shi ya jawo wannan rubutu, don na gaji da ba wa kaina labarin nan ina kalmasa zanin mutane.

Ina da ƙawa. Har gobe haka nake kiranta, ko da yake ban san da wane suna take kirana a zuciyarta yanzu ba. A kasuwa Maman 'Yan Biyu ake ce mata, saboda tagwayenta mata. 'Yar Keana ce, na girme ta da shekara tara, shi ya sa take ce mini Anti. Teburinta yana daura da shagona, tana sayar da gishirin da mahaifiyarta ke aiko mata daga gida, da daddawa da busasshen kifi. In rana ta take, sai ta rufe kayanta da buhu ta shigo ta zauna a bencin kwastomomina, mu ci doya da manja a kwano ɗaya, mu yi gulmar duk wanda ya gifta. Gaskiya ni ce mai gulmar. Ita dariya kawai take yi tana cewa, "Anti, ki ji tsoron Allah."

Mijinta ya rasu tagwayen suna da shekara shida. Ciwon kwana goma. Da aka gama zaman makoki, danginsa suka zo daga Agyaragu suka zauna a tsakar gidan da ya gina, suka yanke magana. Ta zauna a gidan, ta riƙe yaranta, ba mai taɓa ta. Amma ranar da aka ji ta da wani namiji, ko da neman aure ne na tsakani da Allah, sai ta tattara nata ya nata ta bar gida, ta bar yara, don yara na gidan ubansu ne. Wanda ya fi kowa ɗaga murya a zaman shi ne ƙanin marigayin, mai sayar da kayan gyaran babur, wanda ke haya a ɗaki biyu da matarsa da 'ya'ya huɗu. Kowa ya san abin da idonsa ke kallo. Gida ne mai ɗaki huɗu da rijiya. Ita kuwa shekararta talatin da uku a lokacin. Ta ce ta yarda. Me za ta ce?

Ta yi shekara guda daga gida sai kasuwa, daga kasuwa sai coci. Ta rame har na riƙa rage mata riguna. Wata rana da azahar ina kallon wayata ina ƙyalƙyala dariya, sai ta ce, "Anti, wai ke da wa kike wannan dariyar kullum?"

Na nuna mata. A lokacin na shekara biyu a kan wata manhajar hira ta manya, irin ta kyautar nan da za ka buɗe ta jero maka maza da matan garinku, kowa da sunan ƙarya. Ba na jin kunyar faɗa, don ba ni da miji, ban ci amanar kowa ba. Maza iri-iri ne a ciki. Akwai mai cewa shi soja ne a ƙasar waje alhali kana jin zakaran Lafia yana cara a bayansa. Akwai mai roƙon katin waya tun bai tambayi lafiyarki ba. Akwai mai turo miki hoton abin da ba ki tambaya ba da sassafe kafin ki sha koko, Allah ya kyauta. Amma a cikin tarkacen nan akan dace da mutum ɗaya da zai tambaye ki yadda kika wuni, kuma ya tsaya ya ji amsa.

Ta daɗe tana kallon wayar. Can ta ce, "Ni ba aure nake nema ba, Anti. Ba zan bar yarana ba ko don waye. So nake kawai wani ya tambaye ni ko na ci abinci."

Da ina da hankali da na ce mata a'a, wannan wasa ba naki ba ne, ke akwai masu gadinki. Amma tausayinta ya kama ni, kuma ina son a ce na iya. Sai na zama malamarta.

Na sa ta sayi sabon layi wanda ko mahaifiyarta ba ta da lambarsa. Na shiga cikin wayarta na kashe abin da ke nuna inda mutum yake. Na sa wa manhajar lambar sirri, don tagwayen suna ɗaukar wayar su yi wasa. Sannan na zaunar da ita na kafa mata doka kamar hedimasta. Sunan gari kaɗai za ki faɗa, ban da unguwa, ban da coci, ban da yarenku. Kada ki ce mijinki ya rasu. Kada ki kuskura ki ambaci tagwaye, don bazawara mai tagwaye a Lafia ko makaho zai nemo ta. Wanda ya nemi kuɗi, toshe shi. Wanda ya nemi hoton jiki, zage shi tukuna sannan ki toshe shi. Duk abin da aka turo aka ce ki danna, kada ki danna. Kullum kafin ki rufe teburi, goge hirar tas. Na fi jaddada mata abu ɗaya, har da buga tebur: ban da saƙon murya. Na ce murya ta fi fuska tona mutum, musamman mu 'yan kasuwa da rabin gari ya san yadda muke kiran kwastoma.

Ta bi dokokin nan fiye da ni da na kafa su.

Sai maganar hoto. A wannan wuri in ba ki sa hoto ba, ba mai kula ki. Na ce ban da fuska, daga wuya zuwa gwiwa kawai. Ta ce to wane kaya za ta sa, tunda mutane sun san kayanta? Nan dabarata ta motsa, dabarar da na yi kwana uku ina yaba wa kaina a kanta. A shekarar an fitar da ankon taron zumuntar mata, koriyar atamfa mai manyan furanni ruwan ɗorawa. Daga Lafia zuwa Shabu zuwa Agyaragu, duk macen da ke zuwa cocinmu ta ɗinka shi, kuma samfuri ɗaya aka ce kowa ta yi, riga da siket. Na ce, "Sa ankon. Wa zai gane ki a cikin wannan taron? Ai ko matar ƙanin mijinki tana da shi." Muka yi dariya har da tafawa. Ni da kaina na ɗauke ta hoton, a jikin wani farin bango da ke bayan layinmu, bangon da ba shi da wata alama.

Abin da ban tuna ba shi ne kafaɗarta. Tun tana amarya ta taɓa faɗuwa a babur a hanyar Shabu, ƙashin ya ɗoru a karkace, kafaɗarta ta hagu ta ɗan sauka. Duk rigar da ta sa sai wuyan ya zame gefe guda. Ni na gano maganinsa. Nakan yi 'yar tattara guda uku a kafaɗar, ƙanana ƙwarai, in ɓoye su a cikin zanen atamfar, sai rigar ta zauna daram. Ba mai gani sai tela, shi ma sai wanda ya san aikinsa. Ina alfahari da wannan tattara fiye da duk leshin da na taɓa ɗinka wa matan manya.

Wata biyar tana hirarta lafiya lau. Ba ta taɓa haɗuwa da kowa ba, ba ta ba kowa lamba ba. Akwai wani da take cewa malamin makaranta ne, mai ba ta labarin gonar rogonsa, shi ke tambayarta ko ta ci abinci. Ta fara cikowa. Na sake buɗe rigunan da na rage mata.

A wannan tsakanin ne wani ya fara yi mini magana. Hotonsa hular kwano ce ruwan ɗorawa a kan mota, ya ce shi injiniya ne, baƙo, aikin hanya ya kawo shi. Mutum mai ladabi. Bai nemi kuɗi ba, bai nemi hoto ba, bai yi maganar banza ko sau ɗaya ba. Sai "ina kwana, ranki ya daɗe," sai "yaya gajiya." Ni da na saba da 'yan iska, sai na ce yawwa, ga ɗan mutunci. Ni kuma ba ni da saurin rubutu, ga hannuna kullum a cikin aiki. Ya ce, "Kada ki wahalar da kanki, ki yi magana kawai, ina son jin murya." Ni da na buga tebur a kan wannan doka, ni na fara taka ta. Ya ji ƙarar keke ya ce, "Au, ke tela ce?" Na ce shekara kusan ashirin. Daga nan kullum sai ya tambaye ni aiki, ni kuma in an taɓo ɗinki ba na gajiya. Sati shida muna haka.

Ranar wata Alhamis ce. An ɗauke wuta tun safe, zafi kamar a cire fata, kuma wata kwastoma ta gama ɓata mini rai. Ta zo da leshinta, ta juya shi, ta juya ni, sannan ta ce ta fasa, gara ta kai Abuja inda aka san aiki. Ina cikin huci saƙonsa ya shigo. Hoto ne. Farin bango, koriyar atamfa, daga wuya zuwa gwiwa.

A ƙasa ya rubuta, "Ga wata da na gani a nan. Ina so a yi wa ƙanwata irin wannan ɗinki. Amma abokina ya ce aikin Abuja ne, wai telolin Lafia buhu kaɗai suka iya ɗinkawa."

Na san hoton, ni na ɗauka. Har na rubuta "ban san ta ba." Kafin in tura sai idona ya sake faɗawa kan kalmar nan, buhu. Buhu! Na goge abin da na rubuta, na danna wurin magana. Ina iya maimaita abin da na faɗa kalma bayan kalma, don daga baya an sa na sake jinsa.

"Abujar me! Kai da abokin naka ku buɗe ido. Wannan riga a kan keken nan da kake jin ƙararsa aka ɗinka ta. Ja hoton ka duba kafaɗar hagu, a cikin furen nan, akwai tattara uku. Mai rigar ta taɓa faɗuwa a babur a hanyar Shabu, kafaɗarta ta sauka, ni na gyara mata yadda ba mai ganewa. Duk matan da suka yi ankon nan ita kaɗai ke da wannan. Je ka Abujar ka nemo mini telan da ya iya haka!"

Na tura, na ji sanyi a raina. Na ce ai ban faɗi sunanta ba.

Amsarsa ta zo nan take: "Na gode, Madam."

Waɗanda suka san ni a kasuwa kaɗai ke ce mini Madam. Shi ban taɓa jin ta a bakinsa ba. Kafin in gama tunani, hular kwanon ta ɓace, shafinsa ya zama wayam kamar ba a taɓa yin sa ba.

Ga inda na fi tsanar kaina. Ranar Juma'a ta shigo kamar kullum, muka ci doya a kwano ɗaya. Tana ba ni labarin ƙaramar tagwayen ta fitar da sabon haƙori. Da na buɗe baki na ce, Maman 'Yan Biyu, na yi ɓarna, je ki ɗauko rigar nan yanzu-yanzu, da minti biyar ya ishe ni in sa reza in warware tattarar, in goge wurin, magana ta mutu. Minti biyar! Amma kunya ta hana ni. Malamar da ta kafa doka za ta ce ita ta karya? Na ce wa kaina wataƙila ba komai, wataƙila datarsa ce ta ƙare. Bakin da bai taɓa yin shiru ba, ranar ya yi shiru.

Asabar da hantsi matar ƙanin marigayin ta tsaya a ƙofar shagona, ko sallamar kirki babu. Ta ce, "Madam, ana nemanki a gidan marigayi."

Na tarar da dattawa huɗu a kujerun roba a ƙarƙashin mangwaro. Mahaifiyar marigayin, tsohuwa, tana kan tabarma ta sunkuyar da kai. Ƙawata tana kan 'yar kujera, hannunta a cinya. An kai tagwayen maƙwabta. Ƙanin marigayin yana tsaye, riƙe da waya da ƙaramar sifikar da yake kunna waƙa da ita a shagonsa.

Ya ce, "Iyayena, watanni biyu da suka wuce na kawo muku hoton nan, na ce jikin matar yayana ne. Kuka yi mini dariya, kuka ce rabin gari na da wannan atamfa, har matata. To yau na kawo shaida. Ga ta nan da bakinta."

Ya danna. Muryata ta cika gidan, da ƙarar kekena a bayanta. "Abujar me!" Wani daga cikin dattawan har ya so ya yi dariya. Da aka zo kan babur da hanyar Shabu, ba wanda ya sake motsi, don duk wanda ke wurin ya je dubiya lokacin da ta karye.

Aka ce a fito da rigar. Babban dattijon ya karɓa, ya juya ta, ya shafa kafaɗar, bai ga komai ba. Ya miƙa wa na kusa da shi, shi ma bai gani ba. Ko a wannan hali, Allah ya yafe mini, wani abu a raina ya ce kun ga aiki. Sai matar ƙanin ta fizge rigar, ta juya cikinta waje, ta sa farce tana ƙirgawa da ƙarfi. Ɗaya. Biyu. Uku.

Ƙawata ba ta kalli rigar ba. Ni ta kalla. Ta ce, "Anti, muryarki ce?"

Na ce, "Tawa ce."

Ta ce, "Jiya fa muka ci abinci tare."

Iyakar abin da ta faɗa mini ke nan. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Sai na haukace musu. Na nuna ƙanin da yatsa na ce, "To shi fa, Baba? Me ya kai mai mata da 'ya'ya huɗu wannan wuri? Sati shida yana yi mini ranki ya daɗe safe da rana! A karɓi wayarsa a duba mata nawa ke ciki! Ita wannan baiwar Allah ba ta taɓa ganin ko inuwar namiji ba, hira ce kawai, hira!"

Babban dattijon ya ɗaga hannu. Ya ce, "Madam, ba shari'arki muke yi ba, kuma ba tasa ba. Shi namiji ne, bincike ya shiga yi."

Bincike. Har yau in na tuna kalmar nan sai in ji ɗaci a harshena. Ban sani ba ko da gangan ya nemo ni tun farko, ko kuwa yana cikin yawon idonsa ne ya ji ƙarar keke ya gane wadda Allah ya kawo masa. Ko wanne ne, shi an ce masa sannu da ƙoƙari.

Suka karɓi wayarta suka sa ta buɗe. Babu komai a ciki, ta goge tas kamar yadda na koya mata. Na ce to kun gani. Suka ce ai wannan ma shaida ce, mai gaskiya me zai sa ta goge? Da hirar tana nan da sun ga gonar rogo da "kin ci abinci." Dokata ce ta share mata iyakar abin da zai wanke ta.

Ranar Litinin ta hau motar Keana da jaka ɗaya. An ce tagwayen sun bi motar da gudu har bakin titi. Ban je ba, ban da fuskar zuwa. Kafin wata ya ƙare ƙanin ya kwaso iyalinsa ya tare a gidan, ya yi masa shuɗin fenti. Ƙawata ta je wurin fasto, ya ce ta yi haƙuri ta yi addu'a. Wasu suka ce ta kai ƙara kotu. Sai ƙanin ya aika mata cewa in ta kuskura, zai watsa hoton da muryata a guruf ɗin coci da na iyayen yara na makaranta, 'ya'yanta su tashi ana nuna su da baki. Sau ɗaya ta lallaɓo ƙofar makarantarsu ta gan su. Dukan da aka yi wa yaran ranar ya sa ta rantse ba za ta sake jawo musu ba.

Na je Keana sau biyu. Mahaifiyarta ta tare ni a ƙofa ta ce tana wurin dafa gishiri, ba ranar dawowa da wuri ba ce. Na tura saƙo ya fi a ƙirga. Ina ganin alamar ta karanta, amma ba amsa.

Ni ba abin da ya same ni, shi ne abin haushin. Wasu matan coci sun kwashe ɗinkinsu na 'yan watanni, da Kirsimeti ta matso suka dawo, don ba su da wani hannun kamar nawa. Wasunsu ma, waɗanda suka fi kowa taɓe baki, su ne ke jira shago ya watse su matso su ce, "Madam, abeg, don Allah yaya ake shiga abin nan ba a gane mutum ba?" Nakan gaya musu duka: sabon layi, ban da fuska, ban da murya, ban da unguwa. Duk gaskiya ne, duk suna aiki. Sannan in ƙara musu wadda ban sani ba a da. In ce kada ki yarda kowa ya san kina ciki, ko ƙawarki ta kwano ɗaya. Ga shi yanzu kin gaya mini, kin riga kin yi kuskuren farko.

A watan Disamba na shekarar, sai ga tsohuwa, mahaifiyar marigayin, ta shigo shagona da sandarta, tagwayen a bayanta, matar ƙanin tana biye da su fuska a murtuke. Tsohuwar ta ce, "'Yata, ke kika saba da jikinsu tun suna goye. Ke za ki yi musu kayan Kirsimeti." Matar ƙanin ta zauna a benci ta ce mijinta ya yarda ne saboda Mama ta nace, amma in na ɗaga waya a gaban yaran, ko hoto ko kira, ko na ambaci uwarsu, ba za su sake taka nan ba. Na ajiye wayar a cikin durowa a kan idonta. Na ɗauko tef na auna su, na rubuta. Da za su fita tsohuwar ta tsaya ta dube ni ta ce, "Ki adana awon nan da kyau."

Washegari saƙo ya shigo daga Keana, na farko cikin wata biyu. Babu gaisuwa. "An ce sun zo awo. Turo mini."

Na tura. Kafaɗa, ƙirji, ƙugu, tsawon hannu, tsawon riga, na babbar da na ƙaramar. Na ƙara da ban haƙuri mai tsawo a ƙasa. Ba ta amsa ba. Shekara ta zagayo, suka zo, ta tambaya, na tura. Ta sake zagayowa, haka. Na daina haɗawa da ban haƙurin, na gane ba shi take jira ba. Wata 'yar garinsu ta gaya mini akwai zane-zanen gawayi a bangon ɗakinta, layi biyu-biyu na tsayin tagwayen, kowace shekara sama da na bara.

Bana shekararsu goma sha ɗaya. Na auna, na tura kamar kullum. Bayan kamar awa ɗaya wayar ta yi ƙara. Karo na farko cikin shekara huɗu ta rubuto abin da ya wuce "turo mini."

"Ƙirjin babbar ya ƙaru da inci biyu. Ki sa mata shafi mai kauri a gaba, ki ɗaga wuyan rigar. Ba wanda zai lura a gidan, ita kuma ba za ta iya faɗa ba."

Na zauna na yi kuka a kan atamfar mutane. Ni da tef ɗin yake hannuna ban lura ba. Ita daga Keana, da lambobi kawai, ta ga 'yarta.

Na sa shafin, na ɗaga wuyan. Ranar gwaji babbar ta shiga bayan labule ta sa rigar ta fito. Ta tsaya gaban madubi, ta shafa gabanta, na ga kafaɗunta da take ta dunƙulewa sun miƙe. Na durƙusa ina kama mata bakin siket. Matar ƙanin tana benci tana kallonmu, tsohuwa tana gefe tana gyangyaɗi ko tana yin kamar tana yi.

Yarinyar ta sunkuyo ta ce a hankali, "Anti, wa ya gaya miki?"

Na kai hannu na ɗebi fil na cika bakina da su, na ci gaba da kama siket ɗin.